Mun kafa ƙungiyar kare fadama, ba mu da ko sisi: daga ina za mu fara?

Wani matashi daga yankin Nguru ya aiko mini da tambaya. Ya ce shi da abokansa, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, sun kafa ƙungiyar sa kai don kare fadamar garinsu da tsuntsayen da ke sauka a cikinta. Sun yi taro sau uku, sun ɗinka riguna masu tambari, daga nan abin ya tsaya. Ba kuɗi, ba ofis, ba wanda ya ba su iko. Yana so ya san ko 'yan sa kai irinsu na iya hana wuri lalacewa, ko kuwa sai gwamnati da manyan ƙungiyoyi. In suna iyawa, da me za su fara?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa wannan niyya taku albarka. Kuna iyawa, kuma akwai ayyukan da ku kaɗai ke iya yin su, domin jami'in da ya zo daga Damaturu ko Abuja kwana biyu zai yi ya koma, ku kuwa a nan kuke kwana kuke tashi. Amma sai kun fara sanin iyakar ƙarfinku, don kada ku ɓata shekara kuna dukan abin da ya fi ku.

Fadamar da kuke magana a kanta ba ƙaramin wuri ba ce. Kogin Haɗejiya da Kogin Jama'are ne ke bazuwa a tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, su cika tafkuna da kwari, kafin su haɗu a kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. An ƙidaya nau'in tsuntsu sama da 370 a wannan yanki, kuma a ƙidayar watan Janairun 1997 an samu tsuntsayen ruwa fiye da 300,000. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2000. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya yankin Haɗejiya, Nguru da Bade cikin wuraren da take ba kulawa ta musamman. Duk waɗannan sunaye suna da amfani in za ku rubuta takarda ga hukuma. A bakin ruwa kuwa, suna bai taɓa sare kacala, doguwar ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, ko guda ɗaya ba.

Babbar cutar wurin daga saman kogi take gangarowa. A da, ruwa kan zo da ƙarfi a ƙarshen damina ya mamaye ko'ina, sannan ya janye da rani ƙasa ta bushe. Wannan zuwa da komawa shi ne ran fadamar: kifi ya yi ƙwai a cikin ambaliya, manomi ya girbe shinkafa ya bi ruwa yana janyewa ya shuka wake, makiyayi ya sauko da shanu kan ɗanyar ciyawa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, sai kuma aka riƙa sako ruwa da rani don noman rani da ruwan sha. Mashigai da yawa suka daina bushewa, ƙasa ta taru a cikinsu, kacala ta samu abin da take so, wato ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Shi ya sa yau za ka ga wani ƙauye ruwa ya cinye gonakinsa, wani kuma ba nisa da shi yana kukan rashin ruwa. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a wannan fadama ya fi kawo amfani, mudu da mudu, a kan wanda aka tare don aikin noman rani na Kano. Maganar yadda za a riƙa sakin ruwa daga madatsu ta hukumar kula da kogunan Haɗejiya da Jama'are ce, da asusun da jihohi shida (Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato) suka kafa a 2006. Ku san ta, ku riƙa kai koke a kanta, amma kada ku sa ta a matsayin aikinku na bana.

Aikinku na bana shi ne wuri guda. Tafki ɗaya, ko mashiga ɗaya, ko kurmin giyayya ɗaya da za ku iya zagayawa da ƙafa tsakanin asuba da hantsi. In wurin na cikin gandun ƙasa na Tafkin Chadi, kamar Dagona, to yana da masu gadi da doka, sai ku je ofishinsu ku gabatar da kanku ku yi aiki a ƙarƙashinsu. In kuwa na gari ne, nan ne kuka fi amfani, nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Bari in gaya maka nawa kuskuren, domin har yau yana damuna. Farkon shigata wannan aiki, ni da abokaina mun ga wani ɗan tafki da agwagin ruwa ke taruwa a kansa. Muka haɗa kuɗi muka buga allo, muka rubuta an hana farauta da sare itace, muka kafa. Ba mu gaida bulama ba, ba mu tambayi kowa ba. Cikin mako guda allon ya ɓace. Muka ce jahilci ne. Sai daga baya wani dattijo masunci ya zaunar da ni a gindin bagaruwa ya bayyana mini cewa tafkin nan yana da mai shi tun kakanni, akwai lokacin da ake rufe shi ba mai jefa ko da ƙugiya, akwai ranar da ake buɗewa a yi su na gayya, kuma akwai hanyar da shanu ke bi su sha ruwa, wadda muka kafa allonmu a tsakiyarta. Wato wurin yana da doka tun kafin a haife mu, dokar ce ta yi rauni, mu kuma muka zo da wata muka ɗora a kai ba tare da mun san da ta farkon ba. Shekara biyu muka yi muna gyara wannan ɓaraka.

Saboda haka kafin ku taɓa komai, ku yi zagayen gaisuwa. Bulama ko mai unguwa, lawani ko dagaci, sarkin ruwa, sarkin baka, arɗon Fulanin da ke sauka a wurin da rani, limamin gari, da matan da ke yankan kaba suna tsinto goruba. Ku bar rigunan nan masu tambari a gida. Mutumin ƙauye in ya ga riga iri ɗaya sai ya ɗauka an zo ƙwace masa wuri. Kuma kada ku je da lacca. Ku je da tambaya: Baba, da can yaya wurin nan yake? Wane kifi ne ya ɓace? Yaushe rabonka da ganin gauraka? Za ku sha mamaki. Gauraka, wadda ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, ta kusa ƙarewa a ƙasar nan, kuma dattijon da ya taso yana jin kukanta da asuba ya fi ku jin zafin rashinta. In kun saurare shi, gobe shi zai tsaya muku.

Limami kuma kada ku raina abin da zai iya yi da huɗuba ɗaya. Keɓe wuri don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci: sunansa hima, Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Mutumin da zai yi gardama da ku in kun ce Turawa na son tsuntsaye, zai yi shiru ya saurara in aka ce amana ce da za a tambaye shi a kanta.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne mafi daraja duk da cewa ba ya ɗaukar ido, shi ne littafi. Ku sayi littafin rubutu mai kauri. Sau ɗaya a wata, rana ɗaya, sa'a ɗaya, ku tsaya a wurare iri ɗaya ku rubuta abin da kuka gani: inda ruwa ya kai (ku kafa turke ku yi masa zane-zane), inda kacala ta kai, kututture nawa sababbi aka sare, wane tsuntsu, guda nawa. In garken ya yi yawa, ku ƙirga goma ku riƙe girmansu a ido, sannan ku riƙa aunawa goma-goma, ko hamsin-hamsin. Mutum biyu su ƙirga kowa daban, a kwatanta. In ba ku ga komai ba, ku rubuta ba ku ga komai ba, domin wannan ma labari ne. Ku fara da sunayen da kuka sani: dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela, shamuwa, borin tinke, kwasa-kwasa. Baƙin da ke zuwa daga Turai da Rasha lokacin hunturu, masu tsallako Sahara su yini suna kiwo a gonakin shinkafar da aka girbe, za ku koye su a hankali. Madubin hangen nesa guda ɗaya ya ishi ƙungiya gaba ɗaya.

Na san za ka ce me ƙirga tsuntsu zai hana. Ga abin da yake yi. Ranar da wani mai hali zai zo ya ce zai tare mashigar nan ya ja ruwa gonarsa, ko ya ce zai sare kurmin ya yi gawayi, in kun je gaban hakimi da baki kawai, maganarku da tasa ɗaya ne, shi kuma ya fi ku aljihu. In kun ajiye littafin shekara uku, wata bayan wata, da hotunan waya da aka ɗauka daga wuri ɗaya, zancen ya sauya. Ban da haka, lissafinku yana da inda za shi. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar Janairun kowace shekara, kuma mafi yawan masu yin ta 'yan sa kai ne. A Najeriya akwai shirin taswirar tsuntsaye da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jami'ar Jos ke jagoranta, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, mutum ya shiga ya yi aƙalla awa biyu yana shigar da abin da ya gani a manhajar BirdLasser. Akwai ayarin matasan Arewa a cikin shirin. Gidauniyar kiyaye muhalli ta Najeriya, NCF, wadda aka kafa a 1980, tana aiki a wannan fadama tun shirin kiyaye ta da aka fara a 1987, kuma ta saba aiki da ƙungiyoyin gari da na makarantu. Ku neme su. Amma ku je da littafinku a hannu, ba da takardar neman tallafi ba. Wanda ya zo da aikin wata shida kallon da ake masa daban ne.

Yanzu kacala. Nan ne za ku sami zuciyar mutanen gari, domin ba wanda ba ta cuta ba: ta toshe wa masunci hanyar kwale-kwale, ta cinye wa manomi gona, ta zama makwancin jan-baki mai cinye shinkafa da gero, ta tara sauro. Sai dai yawancin gayyar da ake yi mata aikin banza ne, saboda ana sare ta a saman ruwa ko a banka mata wuta da rani. Ƙarfin kacala a saiwarta yake, can cikin laka, kuma saiwar tana shaƙar iska ne ta cikin ganyen da ya leƙo sama. In ka sare sama ka bar kan a waje, aski ka yi mata, cikin makonni za ta dawo. In ka sare ƙarƙashin ruwa, kamar taki guda ko fiye, ruwa ya rufe bakin, saiwar za ta shaƙe. Sai a koma a maimaita sau biyu ko uku a kan duk wadda ta sake tofowa, kuma a yi kafin ta fitar da kan nan mai kama da gero, domin kai ɗaya yana ɗauke da iri dubbai da iska ke kwasa. Abin da aka sare a janye shi tudu, in an bar shi a ruwa zai ruɓe ya ƙara toshe wurin.

Na taɓa tsayawa a irin wannan gayya tun sanyin safiya. Maza a jere ruwa iya ƙugu, kowa da lauje, hannu na nutsewa har kafaɗa, yara a baya suna jan dami zuwa gaɓa, mata sun kawo kunu a bokiti. Wajen azahar aka fasa toshiyar ƙarshe. Ruwan da ya yi shekaru a tsaye ya motsa, da farko a hankali yana tura ɓaraguzan ganye, sannan ya kama gudu, wani tsoho ya tura kwale-kwalensa ya bi shi ba tare da ya ce wa kowa uffan ba. Ba mu share fadama ba a ranar, hanya ɗaya muka buɗe mai faɗin kwale-kwale biyu. Ku ma haka za ku yi: kada ku ce za ku gama da kacala, ku zaɓi toshiyar da buɗe ta zai kai ruwa inda ake bukata. Kuma ku tambayi ƙauyen da ke ƙasa da ku kafin ku buɗe, domin ruwan da kuka saki a kan wani zai sauka, kuma an sha yin rigima a kan haka.

Ku kula da lafiyarku. Ruwan kacala gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, maganin yana nan kuma ba shi da wuyar samu. Akwai matsattsaku, akwai maciji. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a gaɓa. In kun tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa a wuri ɗaya, kada ku taɓa, kada ku bari yara su kwasa, ku sanar da likitan dabbobi. Tun 2006 murar tsuntsaye ke ɓullowa a ƙasar nan.

Maganar itatuwa zan taƙaita, ko da yake na san ita ce ta fi burge matasa. Bikin dashen itace da ake yi a kira manya a ɗauki hoto, mafi yawansa awaki ke cinyewa kafin rani ya raba. Ku dubi abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi. Tun daga 1983, lokacin da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa a gona kututturan itatuwa ne masu rai, aka fara abin da suke kira sassaben zamani: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a kare su. Da wannan aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5, gawo da kalgo da sabara da sauransu. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye, abin da ya riƙe aikin shi ne kwamitin gari mai sa ido, wanda aka sa mata da makiyaya a cikinsa. Ku ma kuna da goruba da ake yanke wa kaba tun tana ƙasa har ba ta samun tashi. In kun shawo kan masu yankan kaba aka ware wasu kututtura aka bar su su yi tsawo, kun yi abin da ya fi dashen dubu.

Sai mafarauta, kuma a nan ina roƙonku ku yi hattara. Ba ku da ikon kama kowa, ba ku da ikon ƙwace raga ko bindiga. Wanda ya gwada haka zai jawo wa kansa gaba, wataƙila da jini. Akwai dokar kare namun da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, akwai masu gadin gandu, akwai sarakuna. Naku shi ne gani da rubutawa da kai rahoto. Abin da ya fi rahoto ma shi ne ku jawo maharbin cikinku. Ba wanda ya san inda tsuntsu ke kwana da inda yake ƙwai kamarsa. Ku nemi abu kaɗan da zai iya amincewa da shi: a bar wurin da ake sheƙa, a daina zuba guba a ruwa ko a hatsi, domin guba ba ta zaɓe, kuma naman mutane ke ci. Ku yi masa maganar ungulu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda take cika mahauta da kasuwa. Yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, saboda ana kashe ta ana sayar da sassanta ga masu magani, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. In akwai itacen da ungulu ke sheƙa a yankinku, sa ido a kan wannan itace ɗaya aiki ne cikakke.

A cikin gida kuma, abin da na ga ya fi kashe irin ƙungiyarku shi ne kuɗin farko da ya shigo. Tun yanzu da ba ku da komai ku rubuta yadda za a riƙe shi: mutum biyu su sa hannu, a karanta lissafi a gaban kowa. Ku riƙa ɗan karo-karo, ko na kuɗin kwale-kwale da kunu ne. Ku sa mata a ciki da gaske, domin su ke shiga kurmi kullum kuma su ke fara ganin abin da ya canza. Ku nemi malami ɗaya a firamaren garin ya ba ku 'yan aji biyar da shida sau ɗaya a wata. Rabinku za ku tafi karatu ko bautar ƙasa ko neman aiki nan da shekara uku, littafin nan kuwa dole a sami mai karɓarsa.

In kun fara zagayen gaisuwa a wannan watan, kuka kafa turken auna ruwa, kuka yi ƙirga biyu ko uku na gwaji, za ku iya shiga ƙidayar tsakiyar Janairu da wurinku. Ranar 2 ga Fabrairu, ranar fadamu ta duniya, maimakon hayar rumfa da kujeru, ku kai wa bulama littafin ku karanta masa abin da ke ciki a gaban sarkin ruwa da arɗo, ku tambaye su wace mashiga suke so a fara buɗewa. In kun kai nan, ka sake rubuto mini ka gaya mini zurfin ruwan da watan da yake fara janyewa, sai mu tsayar da lokacin yankan kacalar.